Wi-Fi, kebul ko layin waya: ta wace hanya za ka haɗa kyamarar tsaronka a Kano?

Mafi yawan masu zuwa sayen kyamarar tsaro a Farm Centre, ko Beirut Road, ko shagunan kayan lantarki na Sabon Gari, tambayoyi biyu suke yi: tana da kyan hoto? Tana gani da daddare? Mai shago ya kunna ta, mutum ya ga fuskarsa tar a waya, a yi ciniki, a biya. Sai an kwana biyu sannan matsala ta gaskiya ke fitowa. Kyamara na nan manne a bango, 'yar fitilarta na ci, amma wayar mai gida ta ce ba ta kan layi. Ko kuma a yi ɓarna cikin dare, a je duba hoto da safe, a tarar tun ƙarfe goma babu abin da aka naɗa.

Kusan kullum laifin na hanyar da hoton ke bi ne, daga bango zuwa inda ake ajiye shi, daga can kuma zuwa wayarka. Hanyoyi uku ne a gaban mai saye a Kano: kyamarar Wi-Fi da ke kama rauta, wato na'urar da ke watsa intanet a gida ko shago, kyamarar kebul da ke zuba hotonta a na'urar naɗa da ake kira NVR, da kyamara mai cin layin waya, wadda galibi ke zuwa da faranti na sola. Bayan ka zaɓi ɗaya, akwai zaɓi na biyu da mutane ke bar wa mai haɗawa, alhali shi ne ya fi taɓa sirrin gidanka: ta yaya za a riƙa kallo daga nesa, kuma mabuɗin yana hannun wa.

Ma'aunan da za ka ɗora kowace a kai

Wuta ce farko. Ko unguwar da ke rukunin Band A, wato rukunin da ya fi samun wutar lantarki, alƙawarin da aka yi mata awa 20 ne a rana, ba 24 ba, kuma a watan Oktoban 2024 Kano da yawancin jihohin Arewa sun kwashe kwanaki cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan dakon wuta. Don haka kada ka tsaya kan tambayar ko kyamara na da batir. Ka lissafa duk abin da hoton ke ratsawa: kyamara, rauta, NVR, akwatin raba kebul. Ɗaya ya mutu, sarƙar ta tsinke.

Na biyu kuɗi, kuma kashi biyu ne: na saye da na ciyarwa. Farashin kayan nan yana bin dala, yau daban gobe daban, amma jerin bai cika sauyawa ba. Kyamarar Wi-Fi ta cikin ɗaki ita ce mafi araha, mai layi da sola ta fi ta tsada sosai, cikakken tsarin kebul kuma ya fi su duka cin kuɗi a ranar farko. Kuɗin ciyarwa data ne, kuma tun da hukumar NCC ta amince da ƙarin har kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a Janairun 2025, wannan lissafin ya ƙara nauyi. Ga ma'aunin da za ka riƙe: kyamarar da ke tura hoto a kan megabit 2 a daƙiƙa tana cin kusan MB 900 a awa, wato sama da GB 21 a yini idan ba ta tsaya ba. Ƙaramin hoton da ake saita shi a kan kilobit 512 kuwa kusan MB 230 yake ci a awa. Kusan kowace kyamara tana fitar da hoto iri biyu a lokaci guda, babba don ajiya, ƙarami don kallo a waya. Wanda bai san wannan ba zai yi ta zargin kamfanin layi da shanye masa data.

Na uku juriya: zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ƙurar hunturu, ruwa da tsawar Agusta, da ɓeraye a cikin silin. Na huɗu sauƙin saiti, musamman ranar da abu ya lalace kuma wanda ya haɗa maka ba ya ɗaukar waya. Na biyar haɗari, shi ma kala biyu: ɓarawon da zai cire kyamara ya tafi da shaidar, da baƙon idon da zai shigo ta intanet ya kalli cikin gidanka.

Kyamarar Wi-Fi

Ita ce irin su Tapo, Ezviz, Imou, da tarin marasa suna da ke aiki da manhajar V380 Pro. Ka saka ta a wuta, ka sauke manhajarta, ka ɗauki lambar QR da ke jikinta, ka ba ta suna da kalmar sirrin Wi-Fi, shi ke nan. Idan komai ya tafi daidai, kafin shayi ya huce an gama.

Inda ake yawan maƙalewa wuri ɗaya ne. Yawancin waɗannan kyamarori zangon 2.4GHz kaɗai suke kamawa, sababbin rautoci kuwa suna watsa 2.4 da 5GHz, wani lokaci ma a ƙarƙashin suna ɗaya. Wayarka na kan 5, kyamara na laluben 2.4, sai haɗin ya ƙi. Maganin shi ne ka shiga saitin rauta ka raba su, kowane da sunansa, ka hau na 2.4 da wayarka kafin ka fara. Idan har yanzu ta ƙi, duba nau'in kullen: wasu kyamarorin ba su san sabon kullen Wi-Fi na WPA3 ba, sai an mayar da shi tsohon, WPA2. A wurin da rautoci suka yi yawa, kamar bene mai shaguna da dama, ka shiga saitin zangon 2.4 ka ɗora taka a tasha ta 1, ko 6, ko 11, don su ne ba sa hawa kan juna.

Ginin Kano ba ya tausaya wa Wi-Fi. Bulo, dekin mai rodi, ƙofar ƙarfe, rufin kwano, duk suna cinye sigina. Rauta na falo, kyamara na bakin get bayan bango uku: da rana za ta yi ta lallaɓawa, ta katse ta dawo. Kafin ka huda bango, ɗauki wayarka ka tsaya daidai inda za a kafa ta, ka rufe ƙofofi yadda suke kwana, ka kunna bidiyo. Idan wayar na jan ƙafa a wurin, kyamara za ta fi ta wahala.

Kada kuma a dogara da Wi-Fi ɗin da ake kunnawa daga waya, don idan mai wayar ya fita, intanet ɗin ya bi shi. Ƙaramar MiFi ta fi, amma wasu na yin barci idan ba a taɓa su ba, sai an kashe wannan a saiti, kuma barinta a caji dare da rana cikin zafin nan yana kumbura batir. Wata dabara mai amfani: ranar da ka sauya rauta, ba wa sabuwar suna da kalmar sirrin tsohuwar harafi da harafi, kyamarori za su koma da kansu ba sai ka hau tsani ba.

Rauninta babba shi ne ajiya. Hoton yana kan memori a cikin kyamarar, wanda ya fizge ta ya tafi da komai, sai dai guntun da ta riga ta tura wayarka ko rumbun kamfani da ke intanet, wanda shi kuma biyan wata-wata ne. Ga matsalar memori na jabu, mai rubutun GB 128 a jiki amma cikinsa bai kai ko kusa ba. Irin wannan zai nuna yana naɗa, sai ranar da ake nema a ga fayil ba ya buɗuwa. Sayi wanda aka yi don naɗar dare da rana, ka riƙa komawa baya kana duba hoton jiya lokaci-lokaci.

Kebul da NVR

A nan kebul ɗaya ke ɗaukar hoto, shi ke kai wa kyamara wuta, tsarin da ake kira PoE. Babu adafta a bango kusa da kowace kyamara, babu neman soket a waje. Duk wutar daga wuri ɗaya take fita, kuma wannan ne babban dalilin da ya sa nake fifita shi ga duk wanda ginin nasa ne. Kyamara ɗaya yawanci tsakanin wat 5 zuwa 12 take ci. Guda huɗu da NVR da rauta ba su cika wuce wat 60 ba. Batir mai 100Ah a kan bolt 12, ko rabinsa kawai aka ja don ya yi ƙarko, zai riƙe su kusan awa 10. Ƙaramar inbata ta ishe ka kwana da ido a buɗe.

Abu na biyu, naɗar hoto ba ta jiran intanet. Data ta ƙare, sabis ya ɗauke, NVR na ci gaba da aikinta. Kallo daga nesa kawai za ka rasa. Faifan ajiya mai TB 1 zai ɗauki kyamara huɗu masu megabit 2 na kusan kwana 11 ba tsayawa. Idan ka mayar da tsarin matse hoto daga H.264 zuwa H.265, ko ka sa ta naɗa sai an yi motsi, kwanakin za su ƙaru sosai.

Tsadarsa a bayyane take: kyamarori, NVR, faifai, kebul, bututun roba, kuɗin aiki. Inda ake cutar mutane shi ne kebul. Ƙa'idarsa mita 100 ce tsakanin kyamara da inda aka soka ta, kuma wannan lissafi na tagulla zalla ne. Kasuwa cike take da wanda cikinsa alminiyom ne aka yi masa fentin tagulla, ana rubuta CCA a kwalinsa idan an yi gaskiya. Ka sa a feɗe maka ɗan guntu a gabanka, ka kankare silin waya ɗaya da reza. Idan fari ya fito, ba shi ba ne. Irin wannan kebul ɗin shi ke sa kyamara ta yi lafiya da rana, da magariba ta yi, fitilun ganin dare suka kama, wuta ta gaza, sai ta fara mutuwa tana tashi. Mutum ya yi ta sauya kyamara a banza. A waje kuma kebul ya bi ta cikin bututu, a ɗaura wa kan haɗin murfinsa na hana ruwa da ke zuwa a kwali, wanda masu gaggawa ke jefarwa. Damina ɗaya ta isa ta sa kan ya yi tsatsa. Idan kebul zai tsallaka fili daga gini zuwa gini, a saka masa abin kare tsawa.

Saitin adireshi shi ne ke tsorata mutane, amma ba shi da wuyar da ake zato. Kowace na'ura a kan rauta tana da lambarta ta IP. Idan ka sayi NVR mai ramukan PoE a bayanta, kuma kyamarorin kamfani ɗaya ne da ita, ita za ta raba musu lambobi a wani keɓantaccen layi nata. NVR ɗin kaɗai za ka haɗa da rauta. Wannan ya fi sauƙi, ya kuma fi tsaro, don kyamarorin ba sa hulɗa da wayoyin da ke kan Wi-Fi ɗin gidan.

Idan kuwa ta akwatin raba kebul ka bi, to sai ka kula. Kyamarorin Hikvision suna fitowa da lamba 192.168.1.64, na Dahua da 192.168.1.108. Ka soka guda huɗu sababbi a tare, duk lamba ɗaya suke amsawa, sai rikici. Ana gyara wannan da manhajar kwamfuta ta kamfanin, SADP ga Hikvision, ConfigTool ga Dahua, a ba kowace tata lambar. Sannan rukuni uku na farkon lambar dole su dace da na rautarka. Wata rautar 192.168.0.1 ce, wata 192.168.1.1, na Huawei da yawa 192.168.8.1. Idan rauta na kan 8 kyamara na kan 1, ba za su ga juna ba ko da kebul ɗaya ya haɗa su.

Sai batun ko a bar rauta ta riƙa raba lamba da kanta, tsarin DHCP, ko a kafe lamba. A garin da wuta ke ɗaukewa sau da yawa a yini, barin lambar kyamara ta yi ta sauyawa neman wahala ne, don NVR za ta neme ta a tsohon wuri ta rasa. Kafe wa kyamarori lamba, daga can sama inda rauta ba ta rabawa, ko ka shiga rautar ka keɓe wa kowace tata. Ga NVR ɗin kanta, idan ka kafe, kada ka manta gurabe biyu: na mashiga, wato lambar rautarka, da na DNS, mai nemo adireshin shafuka a intanet, inda za ka iya sa 8.8.8.8. Na sha ganin shagon da hoto ke fita lafiya a talabijin amma waya ta ƙi kamawa, mai shi har ya fara maganar sayen sabuwar na'ura, ashe rauta aka sauya, lambar mashiga ta tsohuwar ce ke zaune a ciki. Masu tsohuwar na'urar naɗa ta DVR ma wannan saitin ya shafe su, don ita ma ta kebul ɗaya take hawa intanet.

Mai layi da sola

Wannan an yi ta ne don wurin da babu wuta, babu rauta, babu mai kwana: fili da ake gini, gona, garejin motoci, sito a Dawanau. A kafa ta a kan ƙarfe, a juya farantin ya kalli rana, a saka layi. Ba ta da abokiyar gasa a irin waɗannan wurare.

Sai dai ka san abin da ka saya. Masu batir da yawa barci suke yi, sai sun ji motsin jiki mai ɗumi su farka su naɗi 'yan daƙiƙoƙi. Mai wucewa da sauri kan iya fita daga hoto kafin ta gama farkawa, abin da ke nesa kuma ba ya tashe ta. Idan ka tilasta mata naɗa ba tsayawa, batir ba zai kai asuba ba sai farantin da batirin manya ne. A wuri mai yawan zirga-zirga kuma za ta yi ta farkawa har ta ƙare caji da data.

Layin da za ka saka sai an haɗa shi da lambar NIN, kamar kowane layi a Najeriya tun umarnin da aka bayar a Disambar 2020. Ya zama da sunanka, ba na yaron shago ko na mai haɗawa ba. Kafin ya shiga kyamara, saka shi a waya: cire masa PIN, tabbatar data na aiki, sannan ka yi rajistar manhajar kamfanin layin a wayarka tun lambar tabbatarwa na iya iso maka. Idan ka manta wannan, ranar da kake son duba ragowar data saƙon zai tafi can saman ƙarfe, sai an nemo tsani. Idan ta ƙi hawa intanet alhali layin lafiya lau, duba gurbin APN, wato saitin da layi ke hawa intanet da shi, wani lokaci sai an rubuta da hannu. Ka kuma tambayi zangon 4G da take kamawa, don kamfanonin layi ba zango ɗaya suke amfani da shi ba. Glo, misali, an san ta da zangon 700MHz, wanda ba kowace na'ura ke da shi ba. Gwada layuka biyu ko uku a wurin da kansa, a lokacin da jama'a suka cika, don sabis ɗin kasuwa da safe daban yake da na azahar. Ƙarfin turawa za ka duba, ba na saukewa ba, tunda aikin kyamara turawa ne.

Da hunturu ƙura kan lulluɓe farantin cikin 'yan kwanaki, caji ya ragu. Sai an sa wani yana gogewa. Zafi kuma yana rage wa batir kwana. Haɗarinta irin na Wi-Fi ne, har ya fi: tana waje, ita kanta abin sata ce, da ita da farantinta. Kafa ta sama sosai, ka kunna tura hoton motsi zuwa waya.

| Ma'auni | Wi-Fi | Kebul da NVR | Layi da sola |
|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Kaɗan | Mai yawa | Matsakaici zuwa sama |
| Kuɗin ciyarwa | Datar rauta, wani lokaci kuɗin rumbu | Data sai lokacin kallo | Data ta musamman ga kowace kyamara |
| Idan wuta ta ɗauke | Ta mutu, sai an tanadi batir ga kyamara da rauta | Inbata ɗaya ta riƙe duka | Ba ruwanta |
| Idan intanet ya ɗauke | Memori kawai | Naɗa na ci gaba | Memori kawai |
| Juriya | Gini da cunkoso na rage ta | Mafi ƙarko idan kebul na gaske ne | Ƙura da zafi na cin ta |
| Saiti | Mai shi zai iya | Sai mai sani | Mai sauƙi, kula da layi ne aiki |
| Idan an sace kyamara | Shaida ta tafi | Shaida na cikin NVR | Shaida ta tafi |

Kallo daga nesa, da wanda ke riƙe da mabuɗi

Hanyoyin kallo daga nesa uku ne. Ta farko ita ce ta manhajar kamfani, irin su Hik-Connect da DMSS, wadda ake kira P2P. Na'urarka ce ke fita ta gaisa da kwamfutar kamfanin, wayarka ta same ta a can. Ba ka taɓa komai a rauta, kuma tana aiki a kan kowane irin intanet. Ga kusan kowa a Kano, ita ce amsa.

Ta biyu ita ce buɗe ƙofa a rauta, a bar hanya daga waje kai tsaye zuwa NVR, ta lambobi irin su 80, 554, da 8000 ga Hikvision ko 37777 ga Dahua. Masu tsohon hannu suna son ta, amma a kan layukan waya yawanci ba ta aiki sam. Kamfanonin layi suna tara dubban mutane a bayan lambar IP ɗaya, kamar gidan haya mai ƙofar waje ɗaya da babu lamba a ɗakunansa: na ciki zai iya fita ya dawo, amma baƙo daga waje ba zai san ɗakin da zai ƙwanƙwasa ba. Starlink ma, da ta fara aiki a Najeriya a Janairun 2023, haka tsarinta na gida yake. Duba lambar da rautarka ta samu daga waje. Idan ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, kada ka ɓata lokacinka. Ko da tana aiki ma ba na ba da shawararta, don akwai kwamfutocin da aikinsu dare da rana shi ne laluben irin waɗannan ƙofofi. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da na'urorin naɗa a duniya, ba da wata dabara ba illa gwada kalmomin sirrin da suka fito da su daga masana'anta, aka yi amfani da su aka durƙusar da manyan shafuka a Amurka. A 2021 ma an gano ɓaraka a manhajar cikin wasu kyamarorin Hikvision, kamfanin ya fitar da gyara, amma gyaran sai wanda ya sabunta na'urarsa ya amfana. Kashe saitin da ake kira UPnP a rauta da NVR, don shi ke buɗe ƙofa ba da saninka ba.

Ta uku ita ce VPN naka na kanka, wato keɓantacciyar hanya mai kulle tsakanin wayarka da wurin, irin WireGuard ko Tailscale. Ita ce mafi tsaro, kuma Tailscale na ratsa matsalar lambar haɗaka, amma tana buƙatar na'urar da ba ta mutuwa a wurin da kuma wanda ya iya kula da ita. Ta masana'antu ce da ofisoshi.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Mai haɗawa ya gama aiki, ya ce, "Alhaji, kawo wayar in saka maka." Ya karɓa, ya danna, hoto ya fito, kowa ya ji daɗi. Ba a tambayi da lambar wa ko imel ɗin wa aka buɗe asusun ba. Na'urorin nan asusu ɗaya suke ɗaurewa da shi, shi ne mai su, sauran duk an ara musu kallo ne. Idan asusun na mai haɗawa ne, yana iya ganin tsakar gidanka a duk lokacin da ya so, kuma ranar da kuka saɓa ko ya bar gari, kwance na'urar daga sunansa aiki ne babba. Mafi yawansu ba da mugun nufi suke yi ba, sauri ne da sabo. Amma gidan da mata ke zaune ba mayafi, yara na wasa, ba wurin da za a bar wa zato ba ne. Ka ce masa, "Malam, da lambata za mu buɗe, ni zan sa kalmar sirri." Idan yana buƙatar gani don gyara, ka ara masa, ka janye bayan ya gama. Sauya kalmar sirrin NVR da ta rauta bayan ya tafi, kunna tabbatarwa mai mataki biyu, ka rubuta komai a takarda ka adana. A ra'ayina kyamara ta tsaya a get, zaure, katanga da garejin mota. Kada ta leƙa gidan maƙwabci, kuma idan kusurwar ta tilasta, akwai saitin da ke rufe wani sashe na hoton da baƙi.

Ƙaramin saiti ɗaya da ake mantawa: agogo. Sa shi a GMT+1, ka kunna daidaita lokaci ta intanet. Hoton da ke nuna shekarar da ba ita ba yana raunana shaidarka a gaban 'yan sanda ko kotu.

Wa ya dace da wacce

Mai shagon haya ɗaya, ko mai POS, ko mai kemis da ke son ganin kanta da aljihun tebur: kyamarar Wi-Fi ɗaya ko biyu daga kamfanin da aka sani, rauta a ɗaki ɗaya da ita, da ƙaramin batir da zai riƙe su biyun. Haka ma wanda ke gidan haya da ba za a bar shi ya fasa bango ba.

Mai gidan kansa, makaranta, asibiti, gidan mai, ko dila mai shago da sito a Kantin Kwari ko Singa: kebul na tagulla da NVR mai ramukan PoE, a kan inbata. A ɓoye NVR ɗin a wurin da ba ya kan hanya kuma iska na shiga, ba a ƙarƙashin talabijin ba. Idan kuɗi bai kai ba, gara kyamara biyu a kan kebul na gaske, a ƙara sauran daga baya, da guda shida a kan na jabu.

Mai gini a bayan gari, mai gona, mai sito inda babu wuta: mai layi da sola, layin da sunansa, da wanda zai riƙa goge farantin. Idan wurin babba ne har yana son kyamara uku ko fiye, ya fi sauƙi a kafa sola ɗaya, rautar 4G ɗaya da NVR, maimakon ciyar da layuka uku.

Masana'anta a Sharaɗa, Bompai ko Challawa: kebul, da igiyar gilashi ta faiba tsakanin gine-ginen da suka wuce mita 100, kyamarori a keɓe daga kwamfutocin ofis, kallo daga nesa ta VPN, kuma kowane ma'aikacin da ke kallo a ba shi nasa asusun daban, don a iya rufe shi ranar da ya bar aiki.